Abin Gwigwiya ga Kare Mai Ƙarfin Baki: Me Za a Saya, Me Za a Guda?

Duk wanda ya ajiye babban karen gadi a gida, Boerboel ne ko Rottweiler ko Alseshan, ya san asarar da bakin kare ke jawowa. Yau silifan maigida, gobe tiyon ban ruwa, jibi wayar janareta. A sayo masa ƙwallo da safe, kafin la'asar ta zama tsumma. Daga nan sai mutum ya fusata, ya shiga kasuwa yana neman abu mafi tauri, wanda karen zai yi ta fama da shi ba tare da ya iya ko karce shi ba. Wannan niyyar ce nake so mu gyara tun kafin a fitar da kuɗi, domin idan baki mai ƙarfi ya haɗu da abin da ba ya lotsawa, dole ɗaya ya ba da kai, kuma sau da yawa haƙorin ne yake karyewa.

Babban kare yana da haƙora 42. Mutane suna ganin fiƙoƙin nan dogaye sai su ɗauka bakin kare ƙarfe ne, alhali farin rufin da ke kan haƙorinsa bai kai kaurin milimita ɗaya ba, wato bai ma kai na ɗan Adam ba. Idan kare ya samu abu mai tauri, can gefen baki yake tura shi, ya danne shi da wani babban haƙori na sama mai kaifi da ke wajen turame, wanda yake sarar nama da shi. Wannan haƙorin na cikin waɗanda likitocin dabbobi suka fi gani a tsage. Gefensa ne yake ɓallewa, jijiyar ciki ta fito fili, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Abin tausayin shi ne kare ba ya nuna ciwon. Zai ci gaba da cin abincinsa, sai dai ya koma tauna da ɓangare guda, har ranar da za ka ga kumburi ya taso a ƙarƙashin idonsa. A lokacin ruɓa ta riga ta kai saiwa, kuma maganinta galibi cire haƙorin ne bayan an yi masa allurar barci.

Saboda haka likitocin haƙoran dabbobi suke koya wa masu karnuka gwaji biyu masu sauƙi da za a yi a shago. Ka danna abin da farcen babban yatsanka. In bai ɗan lotsa ba, ya yi tauri da yawa. Sannan ka ɗan ƙwanƙwasa shi a ƙoƙon gwiwarka. In ka ji zafi, ka mayar da shi. Da wannan ma'auni, abubuwa da yawa da aka saba miƙa wa kare sun faɗi: ƙaho, kofato, ƙashin ƙafar sa, ƙahon barewa da ake shigowa da shi cikin leda mai kyau, dutse, da busasshen itace. Har ƙasusuwan roba mai tauri da ake yi da nailan, irin na Nylabone da Benebone, duk da shahararsu, yawancinsu ba sa lotsawa da farce. Akwai karen da yake kankarar su a hankali ya shekara lafiya. Amma wanda yake danne abu da iya ƙarfin muƙamuƙinsa yana neman raba shi biyu, ni ba na ba da shawarar a ba shi su.

Maganar ƙashi tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a wajenmu kare da ƙashi kamar tare aka halicce su. Da Babbar Sallah kuwa, ƙashin rago da na sa har kare ya gaji. Ƙashin da ya ga wuta, dafaffe ko gasasshe ko soyayye, ya bushe, kuma idan aka tauna shi tsagewa yake yi ya zama tsinke-tsinke masu kaifi. Waɗannan su ne suke maƙalewa a ganɗa tsakanin haƙora, su tsaya a maƙogwaro, su huda hanji, ko su dunƙule a ƙarshen hanji kare ya kasa bayan gida. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan gasassun ƙasusuwan da ake sayarwa a shaguna domin karnuka, bayan rahotannin da ta samu tun 2010 da suka shafi karnuka 90, kimanin 15 daga ciki suka mutu. Waɗannan fa ƙasusuwa ne da aka sarrafa a masana'anta, balle ragowar balangu da aka zuba a bola. Ɗanyen ƙashi bai cika tsagewa haka ba, amma na ƙafar sa yana karya haƙori, sannan a zafin Maris da Afrilu 'yan awoyi kaɗan sun isa ya fara wari. Guntun ƙashin ɓargo da mahauci ya sara kamar zobe kuma yana da nasa sharrin: kare yana lasar ɓargon sai zoben ya zura a muƙamuƙin ƙasa, ya wuce bayan fiƙoƙi ya ƙi fita, sai likita ya yanke shi.

A haɗa da waɗannan wasu abubuwa uku da ke yawo a tsakar gidajenmu: totuwar masara, ƙwallon mangwaro, da tsinken tsire. Biyun farko ba sa narkewa a ciki, kuma girmansu daidai yake da toshe hanji. Na ukun, ƙamshin nama ke sa kare ya haɗiye shi, shi kuma ya huda duk inda ya tsaya.

To, me ya rage? Roba mai kauri, ta danƙo, wadda take lotsawa ta dawo. Labarin fitaccen abin gwigwiyar nan mai suna KONG ma daga matsalar haƙori ya faro. A shekarun 1970, wani mutum mai suna Joe Markham a birnin Denba na jihar Kolorado yana da Alseshan mai suna Fritz da ke lalata haƙoransa da gwigwiyar duwatsu. Wata rana yana gyaran wata bas ƙirar Volkswagen, ya jefa wa karen wata dunƙulalliyar roba da ya ciro daga ƙasan motar, karen ya bar dutse ya kama ta. A kan siffar wannan robar aka ƙera abin da aka fara sayarwa a 1976. Kamfanin yana bambanta taurin robarsa da launi: ja ta yawancin karnuka ce, baƙa ta masu ƙarfin baki ce, shuɗiya da ruwan hoda masu laushi kuma na 'yan kwikwiyo. Mai Boerboel baƙar zai nema. Akwai kuma kamfanin Goughnuts, mai yin zobe da sanda na roba, wanda ya zo da dabarar da nake yaba wa ƙwarai: a yawancin kayansa akwai jar roba a ciki, ranar da jan ya leƙo ka san lokacin ɗaukewa ya yi. West Paw ma yana yin kaya masu juriya da za a iya wankewa da ruwan zafi.

Kayan nan suna da tsada idan sun iso kasuwanninmu, kuma jabu sun yi yawa. Ka shinshina kafin ka biya. Robar kirki tana da ɗan warin danƙo. Wadda ke tashin warin fetur ko fenti, ko launinta yake gogewa a hannu, ko take da layin haɗi a tsakiya da farce zai iya ɓamɓarawa, ka bar musu kayansu. Ka ɗaga ka ji nauyinta, ta gaske tana da nauyi. Ɗaya mai kyau ta fi biyar na arha, domin na arhar ba ɓacewa suke yi ba, cikin karen suke komawa.

Girma ya fi suna muhimmanci. Ko robar wane kamfani ce, in za ta iya shigewa bakin kare gaba ɗaya har ta wuce turamensa, haɗari ce, musamman ƙwallo, wadda yawu ke sa ta sulɓi ta faɗa maƙogwaro. Idan kana shakka tsakanin girma biyu, ɗauki babban. Kuma ka tuna kwikwiyon irin waɗannan karnuka yana girma da sauri. Abin da ya yi masa daidai yana wata uku, a wata takwas ya zama abin haɗiya. Ka duba huji kuma. Abu mai rami a ciki dole ya kasance da ƙofa biyu domin iska ta riƙa fita. Mai ƙofa ɗaya yana iya zuƙe harshen kare ya riƙe shi har ya kumbura.

Igiyar wasa mai ƙulli tana da daɗi wajen ja-in-ja da kai, amma da an gama a ɗauke ta. Zaren da kare ya tsinke ya haɗiye yana iya maƙalewa a wuri ɗaya, sauran ya bi hanji ya tattare shi kamar yadda zariya ke tattare bakin wando, har ya yanka shi. Ƙwallon tanis kuma ta jifa ce kawai. Gashin jikinta yana kwasar yashi, musamman a ƙurar hunturu, ya riƙa goge haƙora a hankali har su dakushe, sannan babban kare yana iya raba ta biyu. 'Yar tsana mai auduga da ƙaramin usur a ciki ba ta wannan karen ba ce sam.

Na san wasu za su ce ai ga tsohuwar taya a bayan gida. Tayar mota tana da wayoyin ƙarfe a cikinta, kuma da kare ya kai gare su dasashinsa ne zai yayyage. Tsohon takalmi shi ma kada a bayar, domin kare ba ya bambanta shi da sabon da ka saya don Sallah. Busasshiyar fata kuwa, ko ganda ce ta kasuwa ko wadda ake shigowa da ita a naɗe kamar ƙashi, mai ƙarfin baki yana jiƙa ta da yawu ya yage babban yanki ya haɗiye, ta je ciki ta kumbura. In har za a ba shi, a ba shi babba, kana zaune kana kallo, ka karɓe da ta yi laushi. Jemammiyar fata ta dukawa da gandar da aka babbake da taya, waɗannan ko kusa.

Sau da yawa mutum zai sayo robar mai tsada, kare ya shinshina ya juya baya. Abinci ne yake sa ta zama abin so. Ka cusa a ramin abincinsa da aka jiƙa, ko dafaffen dankalin Hausa da aka murje, ko ɗan nama marar ƙashi, ka toshe bakin da tunkuza kaɗan. In akwai wuta ka sa a firiza ta daskare. Zai daɗe yana lasa da gwigwiya, kuma yana jin sanyi a lokacin zafi. Tunkuzar ta zama ta gyaɗa mai kyau, domin gubar da ke cikin gyaɗa mai fumfuna tana lalata hantar kare. Kada a sa yaji, kada kuma a sa albasa ko tafarnuwa, domin biyun nan suna ɓata jininsa. Man gyaɗan kwalba na kanti kuma a karanta jikinsa, wasu suna ɗauke da sinadarin zaƙi mai suna zailitol, wanda kaɗan daga cikinsa ke iya kashe kare.

Ranar farko da ka ba shi sabon abu, zauna ka ga yadda yake yi da shi. In cikin kwata na awa ya fara ciro guntaye, abin ba nasa ba ne. Bayan haka ka riƙa dubawa duk kwana biyu ko uku, kana lanƙwasa shi ka ga ko ya fara tsagewa. Ranarmu tana cin roba, don haka kada a bar ta a tsakar gida tana shan zafi. A wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, a kwanon da aka ware wa karen, nesa da kwanukan gida da butar alwala. Ka ajiye guda uku ko huɗu kana sauya masa, yau wannan gobe wancan, sai kowanne ya zame masa sabo. Kuma a ja wa yara kunne kada su fizgi abu daga bakinsa. In za a karɓa, babba ya miƙa masa ɗan nama a yi musaya.

Akwai abin da roba ba za ta gyara ba, kuma yana damuna duk lokacin da na gani. Kwikwiyo daga wata uku zuwa shida yana famfara, dasashinsa yana ƙaiƙayi, gwigwiyarsa ta lokaci ce. Amma babban karen da yake cin katakon kejinsa, yana gwigwiyar sarƙa da ƙarfen ƙofa har fiƙoƙinsa su guntule, yawanci ƙunci ne yake damunsa. An kulle dabba mai ƙarfi tun asuba har bayan isha'i a ɗan akurki, babu mai kula shi sai lokacin abinci. Wanda ya ɗauki kare ya tsare masa gida ya ɗauki amanar rai. A fitar da shi ya yi tafiya da safe ko da yamma, a yi masa jifa ya ɗauko, a koya masa zama da tashi na 'yan mintoci. Karen da ya gaji da motsa jiki ba ya yi wa abin gwigwiyarsa irin wannan cin na huce haushi.

In kuma ka ga wani yanki na robar ya ɓata ba ka same shi a ƙasa ba, ka sa wa karen ido. Amai akai-akai, ƙin abinci, kwanciya ba kuzari, ƙugi idan an taɓa cikinsa, yunƙurin bayan gida ba abin da ke fita, duk alamun toshewar hanji ne. Kada ka ɗura masa manja ko ruwan gishiri, kuma in ka ga zare ya leƙo ta duburarsa kada ka ja. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, ka tafi da ragowar abin da ya ci domin likita ya ga irinsa da girman abin da ya ɓata. Idan asibitin garinku ba shi da na'urar ɗaukar hoton ciki, ka nemi a tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, inda ake iya yin hoton da tiyatar.