Auna Motsin Fuskar Ƙarfe a Ƙarƙashin Bugun Maganaɗisu: Matsalar Kalma

Maƙerin Maruda, kamar takwarorinsa na ƙasar Gwandu, da ido da kunne yake gane yadda ƙarfe ke amsa guduma. Akwai kuwa ƙirar da ba ta buƙatar guduma. Akan tara lantarki a sake shi lokaci guda cikin naɗaɗɗiyar waya, sai maganaɗisu ya tashi ya haifar da wani lantarkin a jikin farantin da ke kusa, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Nan take farantin ya tunkuɗu.

Motsin ba ya kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka akan haska fuskar ƙarfen da leza, a karanta gudunta daga sauyin hasken da ya dawo. Na'urar VISAR, wadda Barker da Hollenbach suka bayyana a Amurka a 1972, haka take aiki.

Ga mai fassara wannan darasi, "mayen ƙarfe" na iya ɓatar da ɗalibi, domin jawowa yake nunawa. A nan tunkuɗawa ake yi, kuma jan ƙarfe da alminiyam, waɗanda mayen ba ya kamawa, su suka fi amsawa. "Maganaɗisu", aron Larabci, ya fi dacewa.