Yadda Ake Cika Sharuɗɗan Digirin Falsafa

Ɗalibin Gusau, Tsafe ko Bunguɗu da ke son karanta falsafa ya kamata ya san sharuɗɗan tun kafin ya sayi fom, domin kuskuren farko ne ke jawo asarar shekara guda. Ga matakan bi da bi.

1. Haɗa kiredit biyar. Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Kada ka yi wasa da Lissafi, zai yi maka rana a darasin mandiƙi, wato ilimin auna hujja.

2. Zaɓi jami'ar da ke da sashen. Ba kowace jami'a ke ba da wannan digiri ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen falsafa, kuma hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ce za ta kai ka. Jami'ar Abuja da ta Jos ma suna koyarwa. Duba kundin JAMB na shekarar, ka ga darussa ukun da jami'ar ke so a haɗa da Turanci.

3. Yi rajistar JAMB da kanka. Tanadi lambar NIN, ka je cibiyar da hukumar ta amince da ita, ka karanta abin da aka cike kafin a tura. Mai NCE ko IJMB yana iya neman shiga kai tsaye aji biyu.

4. Fahimci lissafin yunit. Bisa tsarin CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a 2022, wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB sai ya ci aƙalla yunit 120 a shekara huɗu, mai shiga kai tsaye kuma yunit 90 a shekara uku. Yunit ɗaya daidai yake da lacca ta awa ɗaya kowane mako har mako 15. Kwasa-kwasan iri uku ne: na dole a sashe, na zaɓi, da na GST da ke kan kowane ɗalibi. Cikin na GST akwai GST 212, wanda ke koyar da falsafa da mandiƙi, don haka ko ɗalibin kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Gusau zai ɗanɗana fannin.

5. San ginshiƙan karatun. Za ka yi mandiƙi, wato ƙa'idojin rarrabe hujja mai ƙarfi da mai rauni. Da ilimin ɗa'a. Da nazarin yadda ake sanin abu. Da nazarin asalin samuwa. Za ka bi tarihi daga Sukurat, Aflatun da Aristo, ka karanta falsafar Afirka, ka haɗu da Farabi, Ibn Sina, Gazali da Ibn Rushd. Mandiƙi ya fi kayar da ɗalibai, domin ba a haddace shi. Kullum ka ɗauki biro ka warware misalai biyu ko uku: rubuta jimlolin hujjar layi-layi, ja layi a ƙarƙashinsu, sannan ka gwada ko sakamakon ya fito daga cikinsu.

6. Kwantar da hankalin iyaye da hujja. Idan Baba ya ce falsafa na raba mutum da addini, ka gaya masa cikin ladabi cewa Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da ake karantawa a zaurukanmu, shi ne ya rubuta Sullam a fannin mandiƙi. Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Salame ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a falsafa.

7. Tsare makinka tun aji ɗaya. Ana auna sakamako a kan 5.00: daraja ta ɗaya daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Duk kwas na dole da ka faɗi sai ka maimaita shi, don haka ka sa shi a gaba a rajistar shekara mai zuwa, ka nuna wa malamin da ke kula da ajinku fom ɗin kafin ka miƙa.

8. Shirya kundin bincike da wuri. A aji huɗu za ka rubuta shi ƙarƙashin kulawar malami. Zaɓi tambaya daga gida: mene ne adalci tsakanin manomi da makiyayi? Yaushe sulhu ke zama zalunci ga wanda aka cuta? Zamfara na buƙatar masu iya tattauna waɗannan da hujja da natsuwa, kuma horon da digirin ke bayarwa ke nan.