Ƙayar da Ba a Cire Ba

Ya ɗan'uwa, kai da ka soma bin Yesu Almasihu, watakila tun ranar da ka ba da gaskiya wahala ta ƙaru maka. Danginka sun daina cin tuwo tare da kai, ko ciwo ya shiga gidanka. Ka yi addu'a, shiru. Sai zuciyarka ta ce Allah ya yashe ka.

Ka duba Manzo Bulus. Sau 5 aka yi masa bulala 39, sau 3 jirgin ruwa ya fashe da shi. Ban da waɗannan, akwai abin da ya kira ƙaya cikin jikinsa. Bai faɗi ko mene ne ba. A ganina gara haka, domin kowa ya tuna da tasa. Sau 3 ya roƙi Ubangiji a raba shi da ita, ba a kuwa cire ba. Aka amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi, gama a wurin marar ƙarfi ne ikon Almasihu yake bayyana sarai. Bulus ya gane dalili: kada wahayin da aka nuna masa ya sa shi girman kai.

Roƙo fa ba laifi ba ne. Bulus ya roƙa, kai ma ka roƙa. Amma kada ka auna ƙaunar Allah da saurin amsa. Uwa takan riƙe ɗanta sa'ad da wanzami yake aikinsa. Yaro yana kuka, ita kuwa ba ta ƙi shi ba.

Daren nan ka karanta 2 Korantiyawa, sura 11 da 12. In ba ka iya karatu ba tukuna, ka tafi wurin malamin ikilisiya ya karanta maka, ka gaya masa ƙayarka, ku yi addu'a tare.