Ƙafa-uku a dajin farauta: abin dubawa kafin saye

Sana'ata rakiyar mafarauta masu lasisi a arewacin Kamaru, a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe, Faro da Buba Njidda. Cikin gandun an haramta harbi. A kewayensu ake farauta da rani, kuma kowace irin dabba da adadin da hukuma ta yanka mata. Baƙi kan zo da bindiga mai tsada da madubin hangen nesa na gani na faɗa, amma abin da za su ɗora su a kai sai ka tarar na jeka-na-yi-ka ne. Nan matsalar take farawa.

Amfanin ƙafa-uku biyu ne. Na farko tantancewa. Daga mita 200, gwanki namiji da mace duk ƙaho gare su, haka kanki da ɓauna, ga shi doka ta tsananta a kan harbin mace da ƙanana. Madubin da ke kusanto da abu ninki 40 yana ninka rawar hannunka haka nan, don haka a hannu ba za ka ga kaurin gindin ƙaho ba. Na biyu harbi mai tsabta. Dabbar da aka raunata ta tsere wahala ce gare ta, ɓauna mai rauni a cikin gamba kuwa ajalin masu bin sawu take nema.

Wajen saye, fara da tsayi. Inda wutar daji ba ta ci ba, gamba takan shanye mutum, saboda haka yawancin harbinmu a tsaye ne. Ka nemi wadda za ta kawo bindiga kafaɗarka da ƙafafunta kawai. Sandar tsakiya da ake zarowa don ƙarin tsayi ita ce uwar rawa: da ka ɗaga ta, ka koma mai ƙafa ɗaya. Haka yawan gaɓoɓi. Mai gaɓa uku ta fi mai biyar tsayawa daram, don gaɓar ƙarshe ta mai biyar siririya ce ƙwarai.

Sai abin da aka ƙera ta da shi. Ta kabon ba ta da nauyi, tana shanye girgiza, kuma ba ta ƙona hannu a ranar Maris. Ta alminiyam ta fi araha, in ta faɗi kan dutse lotsewa take yi, ta kabon kuwa tana iya tsagewa. Mai yini yana bin sawu a ƙasa ya sayi kabon in da hali. Mai zaman dako wuri guda, alminiyam ta ishe shi. Bindigar ɓauna irin .375 da madubinta takan haura kilo 4, to ka zaɓi wadda aka rubuta tana ɗaukar ninkin haka.

Kan da ake ɗaurawa a sama ma iri-iri ne. Mai hannu, wanda ke juyawa a hankali dama da hagu, shi ya dace da leƙen daji. Mai ƙwallo ya fi saurin saiti, amma in ka sassauta shi da yawa sai madubi ya kife. Ka duba bakin sukurun: inci 1/4 ne a yawancin madubai, 3/8 tsakanin kai da ƙafafu. In farantin da ke haɗa madubi da kan samfurin Arca-Swiss ne, cikin daƙiƙoƙi za ka sauke madubi ka ɗora maɗaurin bindiga.

Kashedi biyu a kan harbi. Katakon gaban bindiga ake ɗorawa, ban da bututun, don in bututu ya taɓa abu mai tauri harsashi yakan tashi sama. Babbar bindiga kuma kada a matse ta kam a maɗauri. A bar ta ta kwanta a gwafa, kafaɗa ta karɓi tokarinta.

Ƙurar hunturu takan shiga makullan ƙafafu har su riƙa ƙara kamar ana niƙa. A kwance su da yamma a goge da busasshen ƙyalle. Kada a shafa gris da yawa, yashi yake kamawa.

Kuma kada a raina namu na gida: gora uku, a ɗaure su kusa da kai da robar tsohon tif na keke. Ba su da ƙara, ana kafa su nan take, kuma a harbin da bai wuce mita 100 ba sun wadatar. Madubi ne kawai ba sa iya riƙewa.

Kowacce ka zaɓa, gwada ta a shago: zare ƙafafun duka, danna samanta da tafin hannu ka murɗa. In ta yi lilo, ajiye ta. In ta tsaya, kai ta filin gwaji ka saba da kafa ta shiru, cikin sauri, kafin ka fuskanci dabba mai rai.