Farfelar da ta dace da injin kwalekwalenku

An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai kimanin hekta 8,000, tsawonsa kuwa wajen kilomita 19. Wannan ba ƙaramin ruwa ba ne ga mai tuƙi da hannu. Shi ya sa masunci ko ƙungiyar da ta samu hali takan yi sha'awar sayen inji, kamar yadda masuntan Yawuri da tafkin Kainji suka daɗe suna yi. Wannan darasi domin ƙungiyoyin masunta ne na Damri da sauran garuruwan Bakura, Talata Mafara da Maradun, waɗanda suka riga suka sayi inji da waɗanda suke tara kuɗinsa.

Sau da yawa inji shi ne dukiya mafi tsada da ƙungiya ta mallaka, wani lokaci ma da bashi aka saye shi. Akan zauna a yi doguwar shawara a kan ko doki 15 za a saya ko doki 40. Amma farfela, wadda ita ce take tura ruwa, ba mai tambaya a kanta. Wadda aka tarar a jikin injin, da ita ake tafiya. Alhali kamfanin da ya ƙera injin bai san tsawon jirginku ba, bai kuma san buhu nawa kuke lodawa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da ta ƙone a banza daga kuɗin cefanen gida ta fita.

Lambobi biyu a jikin farfela

Ku goge jikin farfelarku, za ku ga an buga lambobi kamar haka: 9 1/4 x 9. Irin wannan akan samu a injin Yamaha mai doki 15. A mai doki 40 kuma za ku iya ganin 11 1/8 x 13. Duka da inci ake auna su.

Lamba ta farko ita ce faɗi, wato girman da'irar da fukafukan suke zanawa idan suna juyawa. Ba ku da zaɓi mai yawa a nan, domin wurin da aka bar wa farfela a jikin injin ƙayyadadde ne.

Lamba ta biyu ita ce muhimmiya. A wannan darasi za mu kira ta taku. Ita ce nisan da farfela za ta ci gaba a juyi ɗaya, da a ce cikin wani abu mai tauri take shiga, kamar yadda ƙusa mai zare take shiga katako. Farfela mai taku 9 tana neman ta ci inci 9 a kowane juyi, mai taku 11 kuma inci 11. Sai dai ruwa ba katako ba ne, yana zamewa. Ga misali, injin doki 15 da yake juyi 5,000 a minti ɗaya, giyarsa takan rage juyin zuwa kimanin 2,400 kafin ya kai ga farfela. Da taku 9, lissafi ya ce jirgin zai yi kusan kilomita 33 a awa ɗaya. Kwalekwalen katako mai ɗauke da mutane da taru mai jiƙe ba zai ko kusanci haka ba. Tazarar da ke tsakanin lissafi da ainihin gudun ita ce zamewa, kuma tana ƙaruwa idan kaya suka yi nauyi.

Babban taku ba shi ne gudu ba

Akwai masu cewa a sa babbar lamba don jirgi ya yi gudu. A ganina wannan shawara ta kashe injuna fiye da yadda tsufa ya kashe su.

Ku tuna da ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mutum biyu da buhun masara, ya doshi tudu da giya ta huɗu. Ya murɗa totur har ƙarshe, amma babur ɗin sai gurnani yake, yana zafi, ba ya gaba. Abin da yake bukata shi ne ya sauko giya ta biyu. Injin jirgi ba shi da giyar canzawa, gaba ce kawai da baya da tsaka-tsaki. Farfelar da kuka ɗaura ita ce giyarku ta dukan yini.

Idan takun ya yi yawa, inji ba ya kai juyin da aka tsara masa. Yana shan mai da yawa, fulogi yana yin baƙi da wuri, baƙin gawayi yana taruwa a ciki, fistin yana wahala. Ba a rana ɗaya abin yake nunawa ba. Bayan watanni sai a kai wa makaniki, a ce injin ne ba shi da kyau. Idan kuma takun ya yi kaɗan, inji zai riƙa ihu ya wuce iyakarsa, jirgi ba ya wani gudu, kayan ciki suna cinyewa.

Kowane inji yana da iyakar juyi da aka rubuta a littafinsa. Ga Yamaha mai doki 15 da mai doki 40 irin waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai, iyakar ita ce tsakanin 4,500 da 5,500 a minti ɗaya idan an buɗe totur duka. Farfelar da ta dace ita ce wadda take barin inji ya shiga wannan tsakani alhali jirgin yana ɗauke da kayan da ya saba ɗauka kullum. Ku lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Gwajin da aka yi da jirgi fanko, da matuƙi shi kaɗai, ba ya gaya muku komai game da ranar kasuwa.

Yadda za ku gwada

Kunne yana taimakawa, amma yana ruɗi. Akwai wata ƙaramar na'urar ƙirga juyin inji, ba ta kai tafin hannu ba, ana naɗa wayarta a jikin wayar fulogi. Guda ɗaya ta ishi ƙungiya duka.

Ku loda jirgin kamar yadda kuka saba, ku fita wuri mai zurfi da safe kafin iska ta taso. Idan inji ya ɗumama, ku buɗe totur duka na ɗan lokaci, ku rubuta lambar da ta fito. Abin da makanikai suka saba lissafawa shi ne, rage inci ɗaya na taku yana ƙara juyi 150 zuwa 200, a ƙananan injuna ma yakan fi haka. To, a ce da taku 11 kun samu 4,200. Injin yana wahala. Ku aro mai taku 9 ku sake gwadawa da kaya iri ɗaya. Idan har yanzu yana bakin 4,500, ku gwada mai taku 8. Aro ya fi saye a wannan mataki, kuma nan ne amfanin ƙungiya yake.

Wanda ya sauko zuwa ƙaramin taku ya riƙe abu ɗaya: ranar da jirgi ba kaya, kada ya buɗe totur har ƙarshe. Ko da kaya ma, rage totur kaɗan yana rage shan mai sosai, jinkirin da zai jawo kuwa 'yan mintoci ne.

Wani gargaɗi kuma. Ƙaramin taku yana ba inji ƙarfin tura kaya masu nauyi, amma bai ƙara wa jirgi ko taƙi ɗaya na girma ba. Jama'ar Zamfara ba su manta da kwalekwalen da ya kife a Gummi a watan Satumba na 2024 ba, inda manoma da yawa suka rasu a kan hanyarsu ta zuwa gona. Don inji ya iya turawa, ba shi ne jirgi ya iya ɗauka ba.

Alminiyam ko farin ƙarfe?

Farfelar farin ƙarfe mara tsatsa tana da kyan gani, tana kuma daɗewa. Duk da haka, a ruwa irin namu alminiyam nake ba da shawara. Da rani, idan ana sakin ruwa domin noman rani, tafkin yakan ja baya, kututture da duwatsu su matso kusa da sama. Idan alminiyam ya daki kututture, fiffikensa ne zai lanƙwashe ko ya karye. Farin ƙarfe ba ya ba da kai, sai bugun ya wuce zuwa sandar farfela da giya, gyaran waɗannan kuwa ya ninka kuɗin farfela sau da yawa. Kuɗin da za ku sa a farin ƙarfe guda ɗaya, gara ku sayi alminiyam biyu, ɗaya ta zauna a cikin jirgi. A halin da yankinmu yake ciki, ba wanda yake so dare ya same shi a tsakiyar ruwa, ko a gaɓar da bai san mutanenta ba.

In za ku saya, ku tafi da tsohuwar a hannu. Ku ƙirga haƙoran da ke cikin raminta, domin ba kowace ce take shiga kowane inji ba, ko da lambobin sun yi daidai.

Wani lokaci laifin ba na taku ba ne

Idan inji yana ihu jirgi ba ya tafiya, kada ku yi saurin zargin lamba. Wataƙila an ɗaura injin ya yi sama da yawa, farfela tana jan iska maimakon ruwa. Farantin da ke bisa farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya ɗan yi ƙasa da shi da kamar inci ɗaya. Wataƙila kuma robar da ke tsakiyar farfela ce ta saki. Ku ja layi da fenti daga tsakiya zuwa jikin farfela, ku yi 'yar tafiya, ku duba. In layin ya rabu biyu, robar ce.

Fiffiken da ya lanƙwashe yana sa inji rawa, rawar kuma tana lalata giya a hankali. Ƙaramin tsagi a baki ana iya goge shi da magagari. Wanda ya lanƙwashe sosai, bugun guduma ba ya mayar da shi daidai.

Babban abokin gaba ga injin masunci shi ne zaren taru da na ƙugiya. Yakan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yanke robar da take hana ruwa shiga giya. Alamarsa ita ce man giya ya koma fari kamar madara. Saboda haka ku riƙa cire farfela a kai a kai kuna dubawa. Ku yi wannan aiki a kan tudu, domin notin da ya faɗa tafki ya tafi ke nan. Ku kashe inji, ku cire hulunan fulogi, ku sa guntun katako tsakanin fiffike da faranti ya riƙe farfelar, kada ku riƙe da hannu. Ku jera kayan bisa tsumma yadda kuka ciro su, ku cire zaren, ku shafa wa sandar giris, sannan ku mayar. 'Yar ƙusar da take kulle noti ba a maimaita ta idan ta tsufa. Ku sayi guda biyar ko shida, ku ɗaure su a leda tare da sufana da farfelar ajiya, ku ba matuƙi ya riƙa sa su ƙarƙashin mazauninsa.