Yadda Ake Janyo Tsuntsayen Daji Zuwa Tsakar Gida

Wanda yake son tsuntsaye su saba da gidansa, da ruwa zai fara. A ƙasar Hausa, daga watan Nuwamba har zuwa saukar damina, ƙishirwa ta fi yunwa damun tsuntsu. Tsabar ciyawa tana nan a ƙasa bayan kaka, amma kududdufai sun ƙafe, kuma a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kan haura digiri 40. Kaskon ruwa guda a irin wannan lokaci ya fi mudun gero jawo baƙi.

Ka nemi kasko na ƙasa, mai fāɗi, marar zurfi. Na ƙasa ya fi na ƙarfe ko roba domin ruwansa ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma ƙafar tsuntsu ba ta zamewa a kansa. Kada zurfin ruwan ya wuce gaɓar yatsa biyu. Ka sa dutse ɗaya ko biyu a ciki yadda kansu zai ɗan fito, saboda ƙananan tsuntsaye irin su asisi da baiwar Allah ba sa shiga ruwan da ba su ga inda za su dafa ba. Idan kana da tsohon galan, ka huda shi da allura, ka rataye shi a reshe bisa kaskon ya riƙa ɗiga. Motsin ruwan da ƙyallinsa suna sa a hango shi daga nesa.

Inda za ka ajiye kaskon shi ne abin da ya fi bukatar tunani. A sa shi a inuwa, kusa da bishiya, ko darbejiya ko goba ko zogale, ta yadda tsuntsu zai sauka a reshe ya duba kafin ya sauko, ya kuma samu mafaka in shaho ya kawo farmaki. Amma kada a cusa shi a gindin shingen lalle ko bayan tarin itace, domin nan ne kyanwa ke laɓewa. Taku uku ko huɗu tsakanin kaskon da duk wani maɓoya ya isa. In akwai kyanwa ko kaji a gidan, a ɗora shi bisa kututture ko bulo uku. A kuma nisanta shi da tagar gilashi, don tsuntsun da ya razana yakan ga hoton sararin sama a gilashin ya buga kansa.

Kowace safiya a zubar da ruwan jiya, a goge kaskon da soso, a zuba sabo. Wannan ba abin wasa ba ne. Sauro kan kammala girma daga ƙwai a cikin mako guda ko ɗan fiye, saboda haka kaskon da aka manta da shi ya zama gidan renon sauro a ƙofar ɗakinka. Akwai kuma wata cuta da ke toshe maƙogwaron kurciyoyi da tattabaru, wadda suke ɗauka daga juna a wurin shan ruwa mai datti.

Bayan mako guda da sun saba da ruwan, sai a kawo abinci. Gero shi ne kan gaba, sai acca in ana samunta, sai tsakin dawa ko na masara domin kurciya da hasbiya. Tafin hannu ɗaya ko biyu da sassafe ya wadatar, a watsa a tsohon faifai ko a ƙasa mai tauri da aka share. In rana ta faɗi da saura, ka yi yawa, gobe ka rage. Abin da ya kwana na ɓera ne. Ɓarin gwanda ko goba da ta nuna sosai, a soke ta a reshe, za ta kawo masu cin 'ya'yan itace, irin su shaya mai sheƙi.

Abu uku kada a ba su. Na farko, ragowar abinci mai gishiri da mai. Na biyu, gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubar da ke cikinta tana lalata hantar tsuntsu kamar yadda take cutar da mutum. Na uku, kuma shi ya fi haɗari, ragowar irin shuka da aka yi wa magani, wanda sau da yawa za ka gan shi da launin ja ko shuɗi. Wannan kisa ne kai tsaye.

Mai kiwon kaji ya raba wurin cin kajinsa da na tsuntsayen daji, kada su haɗa kasko. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna a shekarar 2006, cutar ta sha dawowa. Wanda gidansa ke bakin gonaki kuma, ina ganin ya dace ya dakatar da watsa hatsi idan gero ya fara kai. Ba daidai ba ne ka tara jan-baki da marai a kusa da gonar maƙwabcinka, alhali a lokacin abinci ya yalwata a daji.

Sai batun kallon tsuntsayen. Bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kuma la'asar sakaliya, su ne lokutan zirga-zirga. Ka shimfiɗa tabarma a wuri guda, kamar taku goma daga kaskon, ka riƙa zama nan kullum, ba nuni da hannu, ba tashi zumbur. A ja kunnen yara su ajiye danƙo; yaron da aka ba aikin canza ruwa yakan zama mai gadin wurin da kansa.

Ka lura da yadda suke sha. Asisi zai tsoma baki, ya ɗaga kai sama ruwan ya gangara, ya sake tsomawa. Kurciya kuwa tana nutsa baki ta zuƙa ba ɗagawa har sai ta ƙoshi. Ka duba kumatun asisi: mai jan ɗigo shi ne namiji, matar ba ta da shi. Namijin baiwar Allah ja ne kusan duka jikinsa, da 'yan fararen ɗigogi a gefen ƙirji, matar kuma ruwan ƙasa ce sai ɗan ja a gaban ido da gindin wutsiya. In ka ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi yana yawan bin su, ka sa masa ido: matarsa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai, su ƙyanƙyashe su rena mata, ɗan kuma ya tashi yana rera kukan waɗanda suka rene shi. Da hunturu kana iya ganin baƙin fuska, domin ƙananan tsuntsaye da yawa suna ƙetaro Sahara daga Turai, wasu su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wasu su bazu cikin lambuna da gidaje.

Ka ajiye ƙaramin littafi kusa da tabarmar. Ka rubuta kwanan wata, da girman tsuntsun in an gwada shi da kurciya ko gwara, da siffar bakinsa, da abin da ya ci. Wanda ba ka sani ba, ka kwatanta wa tsofaffin manoma ko maharba, su ne suka riƙe sunayen. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana tattara irin wannan bayani daga masu sa kai domin taswirar tsuntsayen Najeriya, ta manhajar waya mai suna BirdLasser.

In wata rana ka tarar da tsuntsu ya mutu kusa da kaskon, ko wani ya takure yana kasa haɗiya, kada ka taɓa shi da hannu. Ka sa leda ka ɗauke gawar ka binne, ka wanke hannu da sabulu, ka kwashe kasko da faifai ka wanke ka shanya a rana, ka dakata mako biyu kafin ka mayar. In mace-macen sun yi yawa ko sun shafi kaji, ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku.