Nunabut: Yadda Inuwit Suka Karɓi Ragamar Ƙasarsu

Can ƙuryar arewacin Kanada, inda ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa galibin shekara, akwai wata al'umma da ake kira Inuwit. Su ne 'yan asalin wurin, mafarauta ne kuma masunta tun kaka da kakanni. Da mulkin Turawa ya iske su, babu wanda ya nemi jin ta bakinsu. Hatta sunayensu sai hukuma ta ga sun yi mata wuyar rubutawa, ta ba kowa wani ɗan faifai mai lamba ya rataya a wuya, da lambar nan ake saninsa a ofis. A 1953 kuma aka kwashi wasu iyalai aka kai su can arewa mai nisa, inda rana kan ɓace wata da watanni. Sai a 2010 gwamnati ta nemi gafararsu.

To, me suka nema? Wasu da zarar sun ji an ce cin gashin kai sai su zaci ɓallewa ake nufi. Inuwit ba su ce za su bar Kanada ba. Bukatarsu ita ce maganar ƙasarsu da farautarsu da harshensu ta zama a hannunsu. Sun gabatar da wannan bukata a 1976, aka yi ta kai ruwa rana har aka sa hannu a yarjejeniya a 1993, wadda ta mallaka musu fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000. Ranar 1 ga Afrilu 1999 aka kafa yankin Nunabut, ma'ana "ƙasarmu", hedikwatarsa Ikaluwit.

Lura da hikimarsu. Ba su kafa gwamnatin ƙabila ba: duk ɗan Kanada mazaunin yankin yana jefa ƙuri'a, amma da yake su ne mafi rinjaye, muryarsu ce ke tashi. Majalisarsu ba ta da jam'iyyu. Wakilai ne ke zama su zaɓi shugaba daga cikinsu, kuma na farko shi ne Paul Okalik, wani lauya ɗan Inuwit.

Sai dai fa har yanzu da sauran rina a kaba. Mafi yawan kuɗin da ake tafiyar da yankin daga gwamnatin Kanada da ke Ottawa yake zuwa, ga tsadar abinci da ƙarancin gidaje. Ikon filayen gwamnati da ma'adinan da ke cikinsu kuwa, sai a Janairun 2024 aka sa hannu kan miƙa shi ga gwamnatin yankin.